Kanikanci a Ƙasar Yandaka da ta Maraɗin Katsina, da Mas'alar Injin da ke Shan Baƙin Mai

Duk wanda ya bi hanyar da ta fito daga birnin Katsina, ta ratsa Batagarawa da Kurfi, ta sauka Dutsin-Ma, tafiyar kimanin kilomita 60, in dai mai lura ne da abin da ke gefen titi, zai ga cewa a bakin kowane gari akwai wata inuwar bedi wadda ƙasar gindinta ta rine ta yi baƙi ƙirin, an rataya sarƙa a reshenta mafi kauri, ga yara uku ko huɗu sun kewaye wata tsohuwar mota suna miƙa wa maigidansu sifana. Wannan baƙar ƙasa ita ce rijistar sana'ar kanikanci a wannan yanki, domin ba a rubuta tarihinta a takarda ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ta sun riga mu gidan gaskiya ba tare da wani ya zauna ya ɗauki bayaninsu ba. Abin da nake nufi a nan shi ne in bi sawun sana'ar ta kan mas'ala guda, wadda ta fi kowace yawan kawo direba gareji, wato motar da ke shan baƙin mai fiye da ƙima. Domin a kan wannan mas'ala ne ilmin magabata ya yi kaifi ƙwarai, kuma a kanta ne ya fara gazawa sa'ad da injuna suka sāke hali.

Mota ta shigo ƙasar Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, amma da farko abar sarakuna ce da Turawan mulki da manyan kamfanonin ciniki. Abin da ya mai da ita abar bukatar talaka shi ne gyaɗa da auduga. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga baya wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai ya zamana tsakiyar ƙasar Katsina, inda gundumar Yandaka, wato Dutsin-Ma, da ta Maraɗin Katsina, wato Kurfi, suke, ta faɗa tsakanin layukan biyu, babu wanda ya taɓa ta. Ala tilas amfanin gona ya nemi hanyar isa tasha, da farko a bayan jakai da raƙuma da takarkarai, sannan a hankali a bayan manyan motoci masu bodin katako, irin su Bedford, da kuma Mercedes ɗin nan da direbobi suka laƙaba wa suna roka. Masu gyaran waɗannan motoci na farko galibinsu ko dai an horar da su a ma'aikatar En'e da ta gwamnati, ko kuwa baƙi ne daga kudancin ƙasa da suka zauna a manyan garuruwa. Direban da ya lalace a ƙauye kuwa shi ne makanikin kansa, shi da karen motarsa, in abin ya kai ga ƙarfe ya karye sai a nemi maƙerin gari. Bayan rikicin 1966, da baƙi da yawa suka koma garuruwansu, sai yaran da suka yi shekaru suna wanke ƙusa a kananzir suka wayi gari su ne iyayen gida, kuma daga wannan tsara ce yawancin silsilar kanikawan Arewa take farawa in ka bi ta baya, wane ya koya wajen wane.

Zamanin da sana'ar ta zauna da gindinta shi ne na Fijo. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. A 1976 kuma aka yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi, Dutsin-Ma ta zama hedkwata, ma'aikata suka yawaita, akori-kura ta fara zarya tsakanin kasuwannin mako. Injin 404 da na 504 inji ne mai sauƙin hali, wanda kamar don kanikawan gindin bishiya aka ƙera shi: silinda huɗu, kafireta guda, sannan hannun rigar silindar, wanda suke kira silif, ana zare shi a sa sabo ba sai an kai inji wajen masu gurza ba. Saboda haka idan irin wannan mota ta tsufa ta fara tafiya da shuɗin hayaƙi a bayanta, direba yana ƙara gwangwanin mai a kowace tasha, to hukuncin sananne ne, babu saɓani a kansa tsakanin masana: ringi ya cinye. A sauke inji, a sa sabon ringi, in abin ya yi nisa a haɗa da fistan da silif, a ɗaure, mota ta koma kamar sabuwa. Ba zan raina wannan ilmi ba ko kaɗan, domin na mutanen da suka san inji da kunne da hanci da tafin hannu ne, waɗanda ke ɗora bakin sukudireba a jikin inji su kara ƙotar a kunne su gaya maka wane fistan ne ke kuka. Kuma hukuncinsu ingantacce ne a zamaninsa, saboda a irin wancan inji ƙofofin da baƙin mai zai bi ya shiga wuta kaɗan ne, mafi girmansu kuwa ringi ne, musamman a ƙasar da ƙurar hunturu ke gurzar silinda wata uku ko huɗu a kowace shekara.

Daga 1986, da gwamnati ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ɗan kasuwa matsakaici, sai fuska ta juya zuwa ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a koro su ta ƙasar Nijar, ta Maraɗi, su shigo ta iyakar Jibiya da makamantanta. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, ta zama ɗaya daga cikin ƙofofin wannan ciniki har zuwa farkon 2017, lokacin da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Ta haka Golf ta gaji Fijo a tashoshinmu, daga baya Sharan, wadda aka fara ƙerawa a 1995, ta zo ta zama motar dogon zango. Galibin waɗanda suka shiga haya injinsu na fetur ne marar turbo. Amma a cikin ayarin akwai masu shan gas da masu ƙaramin injin fetur na lita 1.8 waɗanda ke ɗauke da shi, ga Passat, ga Fijo 406 mai shan gas, ga Hilux, ga wasu daga cikin Kanta, ga tireloli. Kafin wannan, wanda ya san turbo a yankin nan sai dai wanda ya yi hulɗa da katafiloli da manyan injunan aiki, irin waɗanda ake amfani da su a ayyuka kamar na madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983. Yanzu kuwa ga shi ya zo har gindin bedi, a cikin motar da ta riga ta cinye rabin ranta a ƙasar sanyi, babu littafinta, babu tarihin juyenta.

Wajibi ne a bayyana abin da turbo yake, domin duk mas'alar a kansa ta rataya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi masa rijista a 1905, amma ya daɗe a manyan injunan jiragen ruwa da na sama da na manyan motoci kafin ya sauko ga ƙananan motoci, bai kuwa zama ruwan dare a cikinsu ba sai daga wajen 1978. Aikinsa aikin zugazugin maƙeri ne: wuta ba ta ƙarfi sai da iska, shi kuwa iska yake cusa wa inji fiye da abin da injin zai iya zuƙa da kansa. Farfela biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta baya, ta gaba kuma ta matsa iska ta tura cikin silinda. Wannan sanda tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, gefenta ɗaya kuma yana cikin hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 800 a injin fetur, kuma ba a kan komai take kwance ba face ɗan siririn shimfiɗin baƙin mai da famfon inji ke turo mata ta wani ƙanƙanen bututu. Abin da kanikawa da yawa ba su farga da shi ba da farko shi ne, abin da ke tsare wannan mai kada ya tsallaka ba sil ɗin roba ba ne irin wanda suka saba, 'yan zobban ƙarfe ne waɗanda ba sa aiki sai da sharaɗi biyu: man da ya shiga ya samu hanyar gangarawa ƙasa ya koma tukunyarsa ba tare da wani cikas ba, kuma matsin iskar da ke wajen zoben ya rinjayi na ciki. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya ɓaci, lafiyayyen turbo ma zai zubar da mai.

A nan ne taƙlidi ya yi wa sana'ar illa har sau biyu. Da farko an ci gaba da yanke tsohon hukunci a kan sabon inji: mota ta yi hayaƙi, an ce ringi, an sauke inji, an kashe kuɗi, an ɗaure, hayaƙi yana nan yadda yake. Da aka gane cewa akwai wani mai laifi a unguwar, sai hukuncin ya juya gaba ɗaya, kowane hayaƙi ya zama na turbo; a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sayo wani tsoho a ɗaura, bayan mako kaɗan shi ma ya fara jiƙewa da mai, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Alhali kuwa sau da yawa sababin yana can wani wuri, a cikin wani tiyo da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Makanikin da ya ƙware a yau ba ya ɗaukar sifana sai ya yi tambaya. Direba zai ce, «Oga, motar nan ta ishe ni da shan mai.» Shi kuwa zai ce, «To, Alhaji, nawa take sha, kuma a tafiyar ina zuwa ina?» Tambayar tana da muhimmanci, domin kowane inji yana ƙona ɗan mai bisa ɗabi'arsa, kuma masu ƙera motoci da kansu sukan rubuta a littafin mota cewa har rabin lita a kilomita 1,000 ba su ɗauke shi aibi ba, wasu ma sukan kai lita guda. Ana cika mai daidai layin sama na geji, mota tana tsaye a wuri madaidaici, inji ya huce na 'yan mintoci. A yi tafiya, sannan a sake aunawa a wuri guda da hali guda. Tsakanin layin sama da na ƙasa a yawancin ƙananan motoci kimanin lita guda ne. Da yake agogon kilomita na motocin haya da yawa ya daɗe da mutuwa, hanya ita ce ma'auni: zuwa Katsina da dawowa sau takwas daga Dutsin-Ma ya kusa kilomita dubu. Bayan wannan sai a wanke inji a duba ko man zuba yake ba ƙonewa ba, domin ɗigon da ke fita ta sil ɗin bayan inji yayin tafiya ba ya barin tabo a inda mota ta kwana, sai dai a ga ƙura ta manne a ƙarƙashinta ta yi danƙo.

In ta tabbata ƙonewa yake, sai a nemi shaidar hayaƙi, kuma ba launinsa kaɗai ba, har da lokacin fitowarsa. Baƙi na fetur ne ko gas da ya yi yawa. Fari mai yawa wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi na ruwa ne, wato gaskit ya ƙone. Na baƙin mai kuwa shuɗi-shuɗi ne, yana da ƙauri mai kama maƙogwaro. Idan da asuba ne ake ganinsa, da an tayar da mota ya fito guda sannan ya ɗauke, ko kuwa bayan an gangaro tudu ƙafa ba ta kan totur sannan aka taka, to zato ya fi ƙarfi a kan 'yan robobin kan bawul, waɗanda zafi da shekaru suka busar, man yana silalowa ta jikinsu. Gyaransu kuwa a saman inji yake, ba ya bukatar a taɓa fistan. Idan kuwa sai an ɗauki lodi an hau tudu yake turnuƙewa, to ringi da turbo duka suna cikin tuhuma, sai an rarrabe. Fulogi yana taimakawa a injin fetur: in ɗaya ko biyu ne suka jiƙe suka yi baƙi, cutar tana cikin waɗannan silindu, in duka huɗun ne daidai wa daida, man ta hanyar iska yake zuwa, in kuwa dukansu a bushe suke tas amma salansa tana hayaƙi, to man ta farfelar baya yake tsallakawa kai tsaye cikin salansa, bai ma shiga silinda ba. Akwai kuma abin da ya kamata mai sayen mota ya sani, cewa matacin hayaƙin nan na cikin salansa, wanda ake cirewa a sayar, yana iya ɓoye wani kaso na hayaƙin. Rashin ganin hayaƙi ba hujja ba ce ta lafiyar inji.

Wurin da na fi so a tsaya a kansa shi ne numfashin inji, domin shi ne aka fi gafala da shi. Kowane inji, komai sabuntarsa, wani ɗan hayaƙi yana kuɓucewa ta gefen ringi ya faɗa ɗakin da baƙin mai yake, kuma an yi masa hanya ta musamman, tiyo da ɗan bawul, inda ake zuƙe shi a mai da shi cikin iskar da inji ke sha. A tsohuwar Fijo wannan hanya mai sauƙi ce ƙwarai. A inji mai turbo kuwa tana da rassa da bawuloli masu hana iska komowa, domin wani lokaci inji zuƙa yake, wani lokaci kuma turbo tura masa yake. Idan daskararren mai ya toshe ta, ko robarta ta yage, sai matsi ya taru a ɗakin mai. Man da ya kamata ya gangaro daga turbo ya tarar da iska tana tokare shi daga ƙasa, sai ya cika gidan turbo ya tsallake zobban nan. Haka nan in bututun gangarowar da kansa ya lanƙwashe, ko gawayin mai ya cike shi, ko wani ya shafa gam ya yi yawa ya toshe bakinsa. Haka kuma matacin iska: in ƙurar hunturu ta toshe shi, farfelar gaba tana neman iska ba ta samu, sai ta zuƙo mai ta bayanta. Al'adar kai matacin wajen mai faci ya hure shi da iska mai ƙarfi tana fasa takardarsa ta inda ido ba ya gani, cire shi ɗungurungum kuwa, wanda wasu ke yi wai don mota ta yi numfashi, yana sa yashi ya gaigaye bakin farfela ya kuma gurje ringi a lokaci guda. Makaniki mai basira yakan cire tiyon da ke gaban turbo da wanda ke bayansa ya duba: ɗan maiƙo a jikin tiyo ba laifi ba ne, amma in man ya kwanta, sai ya ga ko tun kafin turbo yake, wanda ke nuna daga numfashin inji ya fito. Sannan ya kama sandar da yatsa biyu ya girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe halal ne muddin farfela ba ta taɓa bango, motsin ciki da waje kuwa alamar ajali ce.

Sai bayan duk wannan ne ake zuwa ga ringi, da ma'aunin matsi, a gwada kowace silinda, wadda ta gaza a ɗiga mata ɗan mai ta ramin fulogi a sake gwadawa. In ta farfaɗo, ringi ne, in ba ta farfaɗo ba, a nemi bawul. Duk da haka akwai wata daƙiƙar mas'ala: zoben ƙasa na fistan, wanda aikinsa share mai ne daga bangon silinda, yana iya maƙalewa da gawayi alhali na sama suna riƙe matsi lafiya, sai ma'auni ya wanke injin da ba shi da gaskiya. Wannan cuta ce ta jinkirin juye da mugun mai.

Lalle kuwa baƙin mai da kansa yana da nasa kason na alhaki. Tsohon inji yana jure kaurin mai na awo da ake sayarwa a kwalba a bakin tasha; turbo ba ya jurewa, balle wanda aka yi wa algus aka zuba a galan mai tambari. Direban da ya kwaso gudu daga Katsina, ya shigo tasha ya kashe mota nan take, ya tsayar da famfon mai alhali gidan turbo yana da zafin da zai soya abin da ya rage a ciki ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu na barin inji yana aiki a tsaye ya isa ya hana wannan. A injin gas kuwa lamarin ya wuce asarar kuɗi, domin injin gas yana iya cin baƙin mai a matsayin abincinsa: in man ya taru da yawa a hanyar iska ya kwarara cikin silinda, inji zai ɗauki gudu da kansa, a zare makulli ya ƙi mutuwa, har sai an toshe masa iska, ko an sa babbar giya an danne burki an saki kuloci, in ba haka ba ya tarwatse. Saboda haka duk wanda ya canja turbo bai wanke akwatin sanyaya iska da tiyoyinsa ba, bai sabunta ko ya wanke bututun da ke kawo mai ba, bai kuma ɗura wa sabon mai kafin a tayar ba, bai gama aikinsa ba.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibi ke tararwa a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa ya keɓanta da su, domin maslahar jama'a, tun da mai kaya ba ya ganin abin da ake yi a bayan idonsa. Ina ganin babu sana'ar da wannan ƙa'ida ta fi dacewa da ita a yau kamar kanikanci, musamman tun daga 2023, da aka janye tallafin fetur, naira ta sake faɗuwa, kuɗin kayan gyara ya ninka, har ya zamana sauke inji bisa kuskure yana iya cinye ribar direba ta watanni. Ga kuma halin rashin tsaro da hanyoyin Safana da Ƙanƙara suka shiga a shekarun nan, inda lalacewar mota da magariba ba ƙaramin abu ba ne ga direba da fasinjojinsa. Tsarar da ke tasowa yanzu a garejojin Kurfi da Dutsin-Ma, garin da ya samu jami'ar tarayya a 2011 motoci iri-iri suka ƙaru a cikinsa, tana da abin da iyayen gidanta ba su samu ba: waya a hannu, da 'yar kwamfutar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta. Sai dai ita kwamfutar laifin wuta da na'urorin auna iska take karantawa. Ba ta da lambar da za ta ce robar bawul ta bushe ko bututun gangarowa ya toshe. Waɗannan har yanzu sai an cire tiyo an sa yatsa, an tsaya bayan mota da asuba an ga hayaƙin farko, an kuma sa direba ya ƙirga zuwansa Katsina kafin a kwance ƙusa ko guda.